Farin Tabo Iri Biyu a Jiki Ɗaya: Nazarin Lamarin Wani Tela

Majinyacin namiji ne ɗan shekara 34, sana'arsa ɗinki. Ba shi da ciwon sukari, ba hawan jini, ba wani magani da yake sha kullum. Na ɓoye sunansa da duk abin da zai sa a gane shi. Abin da ya kawo shi tabo ne guda a damtsensa na dama, ta waje, wanda ya fi sauran fatarsa haske, faɗinsa wajen santimita 6. Ya ce ya haura shekara da fitowa, ya fara ƙarami yana ta yaɗo a hankali. Ba ƙaiƙayi, ba zafi, ba ruwa. Da ba don maiɗakinsa ta matsa masa lamba ba, in ji shi, da bai zo ba, tunda abin bai hana shi barci ba, bai hana shi zama kan keke ba.

Mutum biyu sun ga tabon kafin ya iso wurinmu. Na farko ya ce kyasfi ne, ya ba shi sabulun magani da man shafawa. Ya yi wata biyu yana shafawa, tabon ko gezau. Na biyu ya lura bakin tabon ya ɗan yi tudu, ya ce makero ne, ya ba shi irin kirim ɗin nan mai haɗin magani uku, wanda akwai sitiroyid mai ƙarfi a cikinsa, wato maganin kwantar da kumburi. Kirim ɗin ya kwantar da tudun, har majinyacin ya zaci sauƙi ya samu. Yana dainawa tudun ya dawo, tabon kuma ya ƙara faɗi. Dukansu biyu hannun riga kawai ya naɗe musu. Ba wanda ya ce ya tuɓe, ba wanda ya kai hannu wurin.

Ba don in ci zarafin kowa na kawo wannan ba. Farin tabo marar ƙaiƙayi a jikin matashi, galibi kyasfin ne, wanda ya fara tunaninsa daga nan bai yi wauta ba. Inda aka samu tangarɗa shi ne launi kaɗai aka duba aka yanke hukunci, alhali launi shi ne mafi raunin shaida a cikin shaidun da fata ke bayarwa.

Abin da ido ya gani

Tun ƙarshen ƙarni na 18 wani likita a Landan, Robert Willan, ya kasa cututtukan fata gida takwas bisa siffar abin da ya fito: wannan shafaffen tabo ne, wancan ƙurji ne mai tudu, wani mai ruwa, wani mai mugunya, wani mai ɓarɓashi. An yi gyare-gyare da yawa a bayansa, amma tafarkin na nan: kafin ka raɗa wa ciwo suna, ka fara siffanta shi. Ina ya fito? Nawa ne? Bakinsa a yanke yake ko ya narke cikin lafiyayyar fata? Samansa santsi ko kaushi? Gashin wurin yana nan? Dama da hagu sun yi daidai ko gefe ɗaya ya fi? Duk waɗannan ba sa amsuwa ta tagar hannun riga. Saboda haka muka kai shi ɗaki mai hasken rana sosai, aka ja labule, ya tuɓe, na bi jikinsa daga kai har tafin ƙafa.

Nan take lamarin ya sauya. A ƙirjinsa da tsakanin kafaɗunsa akwai ƙananan tabo-tabo masu haske, da yawa, ba su wuce santimita 1 ba, wasu sun haɗe da juna, sun bazu dama da hagu kusan daidai. Kallon farko sumul suke. Amma da na sa yatsa biyu na ja fatar, na ɗan karta da gefen gilashin gwaji, sai farin ɓarɓashi siriri ya tashi a kan kowane. Wannan kyasfi ne, babu tantama. Wata ƙwaya ce dangin funfuna, Malassezia, wadda ke zaune a fatar kusan kowane baligi ba ta cutar da shi, sai gumi da maiƙo da zafi sun yi yawa ta haɓaka. Tana fitar da wani sinadari da ke rage aikin ƙwayoyin da ke rina fata, shi ya sa wurin yake kodewa. Mun kankaro ɓarɓashin muka ɗiga masa ruwan fotasiyam haidoroksaid, madubin likita ya nuna gajerun zare da ƙwallaye a cure, kamar yadda aka saba gani. Wato mutumin farko bai yi ƙarya ba, akwai kyasfi a jikin. Sai dai ba a inda aka nuna masa yake ba.

Tabon damtse wani abu ne dabam, kuma ba shi kaɗai ba ne. Akwai irinsa a allon kafaɗar dama, ɗaya a ƙugu, ɗaya a ɗuwawun hagu, biyu a cinyar dama ta waje. Shida ke nan, biyar daga ciki majinyacin bai ma san da su ba. Manya ne, daga santimita 3 zuwa 8, ba su bi tsarin dama da hagu ba. Launinsu ba fari fat ba ne, kodewa ce mai ɗan ruwan tagulla. Bakinsu a yanke yake, ya ɗan yi tudu, kusa da na kafaɗa kuma akwai wasu 'yan ƙanana biyu da suka ɓalle daga jikinsa. Da na karta, babu ɓarɓashin da ya tashi. Samansu a bushe yake ƙayau. Ranar akwai zafi, duk bayansa yana naso, amma waɗannan wurare ko ɗigon gumi babu. Gashin da ke cinyarsa ya zo bakin tabon ya tsaya, cikin tabon sai ɗai-ɗai.

Wani abu da nake yawan jaddada wa ɗalibai: yawancin littattafan koyon fata da hotunan fararen fata aka cika su, suna ta cewa wuri ya yi ja. A baƙar fata jan nan da wuya ya fito ja. Yakan fito ruwan tagulla, ko ruwan ƙasa mai duhu, ko ya yi shuni-shuni. Wanda ya tsaya jiran ja zai wuce kumburi a gaban idonsa bai gani ba.

Kama da wane ba wane ba ne

Makero fa? Lalle bakin tabon ya yi tudu, kuma makero zobe yake yi. Amma makero yana ƙaiƙayi, ƙaiƙayi na gaske, musamman in an yi gumi. Bakinsa yana da ɓarɓashi da ƙananan ƙuraje, tsakiyarsa tana warkewa yayin da bakin ke ci gaba. Yana son matsematsi da hammata da duk inda ke riƙe laima. Tabbansa shida kuwa duk a wurare masu sanyi suke, hammata da matsematsi da fatar kai garau. Akwai dai abin lura a nan: ya shafa sitiroyid, shi kuwa sitiroyid yana ɓadda kamannin makero, ya kashe ƙaiƙayin, ya shafe ɓarɓashin, ƙwayar kuma ta ci gaba da yaɗo a ɓoye. Tun 1968 wasu likitoci biyu a Ingila, Ive da Marks, suka bayyana wannan. Don haka ban kore makero da ido kaɗai ba. Mun kankari bakin tabon damtse muka duba, babu zaren funfuna ko ɗaya.

Albaras bai ɗauke ni lokaci ba. Farinsa fari ne tas, domin ƙwayoyin rina fata sun tafi gaba ɗaya. Yana son kewayen ido da baki, kan yatsu, gwiwa da al'aura, yawanci dama da hagu daidai, samansa sumul, gashin wurin yakan yi fari amma ba ya zubewa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tabon haihuwa ma ba shi ba ne, tunda da girmansa ya fito kuma yana yaɗo. Na tambaye shi ko an taɓa yin ƙuna, kirci ko wani ƙurji a wuraren, domin duk ciwon da ya warke yana iya barin kodewa a baƙar fata. Ya ce sam.

Zuwa nan ido ya gama nasa aikin. Ya rage abu guda a saman jerin abubuwan da nake zato, wato kuturta, amma ido ba zai iya tabbatar da shi ba.

Auduga

Na murɗa ɗan zaren auduga ya yi tsini. Da idonsa a buɗe na taɓa lafiyayyar fatar hannunsa, na ce, "Malam, duk inda ka ji na taɓa, ka nuna min da yatsa." Da ya gane, na ce ya rufe ido. Ana taɓawa ne a ɗaga, ba a shafawa, domin shafa yana motsa gashi ya ba da amsar ƙarya. Ana kuma cakuɗawa, nan lafiyayyen wuri, can cikin tabo, ba tare da wani tsari da zai iya cankawa ba. A ƙirji, kan tabon kyasfi, duk taɓawa sai yatsansa ya sauka daidai. Na koma tsakiyar tabon damtse na taɓa, na sake, na sake. Yana zaune shiru, ido a rufe. Can ya ce, "Likita, ka ci gaba mana, ina jira." Na matsa santimita biyu waje da bakin tabon, nan take ya nuna. Da muka gwada da kwalba biyu, ɗaya ruwan ɗumi ɗaya ruwan sanyi, a cikin tabon bai iya bambanta su ba. Biyar daga cikin shidan haka suke, na shida jinsa ya ragu ne kawai.

Sai na bi jijiyoyin ji da motsi a wuraren da suke kusa da fata: gefen wuya, bayan gwiwar hannu, wuyan hannu, ƙasan gwiwar ƙafa ta waje, da bayan idon sawu ta ciki, ina kwatanta dama da hagu. Ta bayan gwiwar hannun dama ta yi kauri, tana mirginawa ƙarƙashin yatsana kamar igiya, da na ɗan danna ya janye hannun. Ta hagu siririya ce, taushi gare ta.

"Akwai abin da ya canza a hannun nan?" na tambaye shi. Ya yi ɗan jim, ya ce kusan wata huɗu ke nan allura tana suɓuce masa in yana ɗinkin hannu, ya ɗauka gajiya ce. Ya juya tafin hannun, a gefensa ta wajen ƙaramin yatsa akwai tabon ƙuna. Dutsen guga ne, in ji shi, bai san ya ƙone ba sai da ya ga bororo. Na sa masa takarda tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi na ce ya riƙe, na zare ta ba wuya. Jijiyar nan ita ke ba ƙaramin yatsa da rabin maƙwabcinsa ji, ita ce kuma ke motsa ƙananan tsokokin tafin hannu, har da wadda ke matse babban yatsa a jikin manuni. Ga dalilin suɓucewar allura. Bai taɓa haɗa wannan da tabon damtsensa ba, kuma ba wanda ya tambaye shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce alama ɗaya daga cikin uku ta isa a tabbatar da kuturta: kodadden tabo ko mai ja-ja wanda ba ya ji, ko jijiya mai kauri tare da rashin ji ko rauni a yankin da take kula da shi, ko ganin ƙwayar cutar a ruwan da aka ɗebo daga ɗan tsagin fata. Yana da biyu na farko. Mun ɗebi na ukun daga kunnuwansa da bakin tabbai, ba a ga ƙwaya ba, kuma wannan bai sauya komai ba. A irin nau'in kuturtar da ke jikinsa garkuwar jiki tana yaƙi sosai, ƙwayoyin kaɗan ne, yaƙin kansa ne ke ɓata jijiya.

Abin da ido ya gani duk yana da bayani a halin ƙwayar. Mycobacterium leprae, wadda Gerhard Armauer Hansen ya gano a birnin Bergen na ƙasar Norwe a 1873, tana son wuri mai sanyi, shi ya sa take barin hammata ta kama damtse, ɗuwawu, kunne da hanci. Tana shiga kuben jijiya ta zauna, ta kashe ƙananan rassan da ke kawo ji da waɗanda ke sa gumi, sai tabo ya bushe, gashi ya zube, ji ya tafi. Tana ɗaukar kusan mako biyu kafin ta rabu biyu, inda wasu ƙwayoyin ke yi cikin minti 20 ko 30. Saboda haka alamu kan ɗauki wajen shekara 5 kafin su bayyana, wani lokaci har 20. Ciwon da ba ya gaggawa, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi, babu abin da zai koro mai shi asibiti sai ɓarna ta yi nisa. Wannan ne ke damuna da shi fiye da komai. Har yanzu ana samun sababbin masu cutar wajen 200,000 duk shekara a ƙasashe fiye da 120, mafi yawansu a Indiya, Burazil da Indunusiya.

Faɗa masa, da magani

Da na ambaci sunan ciwon ya yi tsit, ya ƙura wa yatsunsa ido. "Likita, yatsun nawa gutsurewa za su yi ke nan?" Na zauna na yi masa bayani dalla-dalla, domin wannan zaman yana daga cikin maganin. Cutar ba ta yanke yatsa da kanta. Yatsan da ba ya ji ne ke ƙonewa, ya yanke, ya rure mai shi bai sani ba, shekara da shekaru, har ƙashi ya zaizaye. Wanda aka kama da wuri ya kula da hannunsa, ba ya kaiwa can. Ana warkewa sarai. Ba gado ba ce, ba a ɗauka ta musabaha ko zama kusa na ɗan lokaci. Ta ɗigon ruwan hanci da baki take yaɗuwa, bayan doguwar cuɗanya da wanda bai fara magani ba, kuma kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu yana kore ta da kansa. Da zarar ya fara shan magani ya daina yaɗa ta. Ba dalilin ware masa ɗaki ko rufe wurin aikinsa.

Mai tabo 1 zuwa 5 wanda ba a ga ƙwaya a fatarsa ba, wata 6 yake shan magani. Wanda tabonsa ya haura 5, ko jijiyarsa ta taɓu, ko aka ga ƙwaya, wata 12 ne. Nan ake ganin muhimmancin tuɓe riga: da tabon damtse kaɗai aka ƙirga ba a duba jijiya ba, ko an gane cutar, da rabin magani zai samu. Haɗin magungunan tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa, tun 1995 kuma kyauta ake bayarwa. Sau ɗaya a wata, a gaban ma'aikacin lafiya, yana shan rifamfisin miligiram 600 da kilofazimin 300 da dafson 100. Sauran kwanakin a gida, kilofazimin 50 da dafson 100 kullum. Mun auna jininsa kafin farawa, domin dafson yana iya rage jini. Na gargaɗe shi fitsarinsa zai yi ja ranar rifamfisin, kada ya tsorata, amma in ya ga zazzaɓi, shawara ko ƙuraje sun feso masa a makonnin farko, ya dakatar ya zo a ranar.

Raunin hannun bai kai wata 6 ba, wato akwai fatan jijiyar ta farfaɗo. Bayan mun tabbatar ba shi da tarin fuka ko sukari, muka ba shi maganin tsutsar ciki, muka ɗora shi kan firednisolon, sitiroyid na sha don kwantar da kumburin jijiyar, miligiram 40, ana ragewa sannu-sannu tsawon mako 20. Kyasfin kuwa sabulun ruwa na ketokonazol ya wadatar, tare da bayanin cewa ƙwayar tana mutuwa cikin kwanaki amma launin fata sai ya yi watanni kafin ya dawo.

Da yardarsa muka duba mutanen gidansa. Maiɗakinsa, ɗansa da ƙanensa ba su da komai, aka ba kowannensu rifamfisin sau ɗaya na kariya, wanda ake ba makusanta daga shekara 2 zuwa sama. 'Yarsa mai shekara 7 ce ta tsayar da ni. Tana da kodaddun wurare biyu a kumatu. Bakinsu ba a yanke yake ba, ya narke cikin fatar, samansu da ɗan gautsi, fatar ƙafafunta ma a bushe take. Ya yi kama da kodewar da ke fitowa a fuskar yara masu busasshiyar fata, wadda ba ta da illa. Ta ji auduga sarai, amma a fuska wannan ba hujja ba ce, domin jijiyoyin fuska suna da yawa, sun hau juna, tabon kuturta ma yana iya ji a can. Ban ba ta maganin kariya ba a lokacin, domin ba a ba wanda ake kokwanto a kansa magani sau ɗaya a sallame shi. Muka ce a riƙa shafa mata mai safe da yamma, a dawo da ita bayan wata 3. Da ta dawo wuraren sun kusa ɓacewa, jijiyoyinta lafiya, sannan ta sha nata.

Kamannin fatarsa ya sake sauyawa sau biyu. Kilofazimin ya rina shi, tabban da a da suka fi jikinsa haske suka koma sun fi shi duhu, ƙwaurinsa ya bushe yana tsattsagewa. Wannan rinin yana gushewa, amma sai watanni bayan an gama magani, wani lokaci fiye da shekara. A wata na bakwai, bayan an janye firednisolon, ya zo ba ranarsa ba: tabban sun kumbura suna sheƙi, da ɗumi in an taɓa, gwiwar hannun tana masa zogi. Ya ɗauka maganin ne ya ƙi shi. Garkuwar jikinsa ce ta tasam ma ragowar matattun ƙwayoyi, abin da ke faruwa ga masu irin nau'insa da dama, kuma a irin wannan lokacin ne jijiya ke iya lalacewa cikin 'yan kwanaki. Muka maido da firednisolon a ranar, muka rataye hannun ya huta, maganin kuturta kuma bai tsaya ba.

Ya kammala wata 12 ba tsallake. Tabban sun kwanta, huɗu sun kusa sajewa da jikinsa, na damtse da na kafaɗa suna nan a kode kuma jinsu bai dawo duka ba, wanda ba ya nufin cutar tana raye. Ƙarfin yatsun ya dawo sosai, takarda ba ta zaruwa sai da ja, allura ta daina suɓucewa. Gefen tafin hannun yana jin taɓawa mai nauyi amma ba ya bambanta zafi da sanyi, saboda haka da safar hannu mai kauri yake guga, kowane dare kuma yana duba hannun, ya jiƙa shi a ruwa, ya shafa mai. Irin wancan kumburin yana iya dawowa ko bayan shekara biyu ko uku da gama magani, don haka mun rubuta masa abubuwa huɗu da za su kawo shi ba tare da jiran ranar ganin likita ba: zogi a jijiya, sabon rauni ko sagewa a hannu ko ƙafa, ido da ya yi ja ko ya ƙi rufuwa, da tsohon tabo da ya sake tasowa. Mutanen gidansa kuma za a riƙa duba fatarsu sau ɗaya a shekara har shekara 5.